Albasar da Aka Kai Accra

Cape Coast, 18 ga Maris, 2002

Zuwa ga Tasi Yayra,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki da sanyin Ingila. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Baba yana Tema yana fama da aikin tashar jiragen ruwa, hawan jininsa ya ɗan lafa. Mama kakata kuma tana Anloga, gwiwa ce kawai ke damunta, amma ko a makon jiya an gan ta a gonar albasa tana yi wa masu ban-ruwa faɗa.

Na san za ki juya ambulan ɗin nan ki ce wane ne kuma wannan. Ni ne Elikem, ɗan Agbeko. Shekarata huɗu lokacin da kika tafi. Baba ya ce in kira ki Tasi kai tsaye, gwaggo ta sosai, don ko da yake mahaifinki da nasa ne wa da ƙane, hannun Mama ne ya raine ku tare, kuma ba shi da wata 'yar'uwa da ta wuce ki. Ni ma hannun kakar tawa ne ya raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ashe ke nan ni da ke ƙanzon tukunya ɗaya muka kankara.

Yanzu ina shekara ta uku a jami'a, ina karanta ilimin noma. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne bizar nan da ake ba matasa, su je Ingila a dogon hutu su yi aiki su kuma ga gari. Da yawa a ajinmu sun je bara. Sun dawo da takalma masu ƙyalli da wani irin Turanci na hanci, amma da ka tambaye su yaya abin yake sai su ce, "Sai ka je." Ni kuwa ba na son in je ido rufe. Na cike takardu, ranar 22 ga Afrilu zan je ganawa a ofishin jakadanci.

Abu biyu nake roƙo, wasiƙar gayyata mai adireshinki, da kuma shawara. Me zan riƙo, me zan bari, me ke kayar da mutane a can? Ba zan zame miki kaya ba, kwana kaɗan ne kafin in sami aiki. Na iya wanki, na iya shara, ba na shan taba.

Ɗanki mai biyayya,
Elikem

Leicester, 2 ga Afrilu

Ɗana Elikem,

Takardarka ta same ni na dawo daga aiki ƙafafu a kumbure, a tsaye na karanta ta, ko jaka ban ajiye ba. Lafiyata ƙalau, in ka cire bayan nan nawa da tsofaffin Turawan da nake jinya suka gama da shi. Ka gaida Agbeko, ka ce masa ya rage gishiri.

Wai wane ne kuma wannan! Kai, yaron da ya cusa ƙwayar masara a hanci, na ruga da shi asibiti a goye ba ko takalmi a ƙafata? Yau kai ne kake rubuto min "ɗanki mai biyayya". Ga wasiƙar gayyatar nan na haɗo. Ɗakina ƙarami ne, amma kujerar falo tana miƙewa, ta ishe ka sai dai in ka fi ubanka tsawo.

To buɗe kunnenka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka je kasuwar gwanjo ta Kantamanto ka sayi kwat mai kauri. Za su ce maka ai lokacin zafi za ka, kada ka saurare su. Ranar ƙasar nan kamar fitilar cikin firji take, haske ba ɗumi. Takalmi kuma ka nemi mummuna mai ƙwari, don awa goma za ka yini a tsaye, ba wanda zai kalli ƙafarka. Fasfo da biza ka yi musu hoto kashi uku, ɗaya wurin ubanka, ɗaya a ƙasan akwati, ɗaya ka ba ni in ka iso. Tikiti na zuwa da dawowa za ka yanka, kuma ranar dawowar ta riga ranar buɗe makaranta. Na ga masu digiri saura shekara ɗaya da suka ce bari su ƙara wata uku, yau shekara goma suna wanke bayan-gida suna ɓuya in sun ga ɗan sanda.

In ka sauka za su yi maka tambayoyi. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, kada ka ɗauko musu tarihin Anloga. Kuma ka dubi mutum cikin ido. Sunkuyar da kan nan da aka koya mana na ladabi, su a wurinsu alamar maƙaryaci ce. In Bature ya ce maka yaya kake, ka ce lafiya ka wuce, ba so yake ya ji ba. Ni da na zo, maƙwabciyata na tare a bakin ƙofa ina tambayarta mijinta da yaranta da mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, washegari ta sa wa ƙofarta sarƙa.

In an ce ƙarfe shida, to shida saura kwata ake nufi. Wani zai zo maka da daɗin baki ya ce ka yi aiki da sunansa da lambarsa ta aiki, ku raba kuɗin. Ka ce masa Tasinka mahaukaciya ce, za ta kashe ka. Takardarka mai kyau ce, kada ka ɓata ta.

Na lura ka lissafa wanki da shara, ka tsallake girki. Kafin ka zo ka tsuguna gaban murhu ka koyi tuƙa tuwon akple da miyar kuɓewa, in ba haka ba burodi zai kashe ka. Aiki kuwa na riga na yi magana da wata 'yar cocinmu, surukinta yana kula da ma'aikata a wani kamfani a Spalding. Ka san abin da suke yi? Tantance albasa suke suna zubawa a buhu. Na yi dariya har da hawaye. Jikan Mama zai ƙetare teku ya zo tsintar albasa! Amma ka ware mako guda ba aiki, ka hau jirgin ƙasa ka je ka ga wani wuri. Hutu ne sunan abin, kada ka koma gida ba ka san komai ba sai bangon kamfani.

Na ajiye babbar a ƙarshe. Ka kama bakinka. Kada ka gaya wa kowa za ka yi tafiya, balle ranar. Ka san mutanenmu. Da sun ji, kowa zai tuna yana da ɗa a London, kafin ka ankara an tara maka busasshen kifi da kwalaben yajin shito da ƙulle-ƙullen da ba ka san abin da ke ciki ba. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko na fasto ne. Ga kuma baki, ba kowane mai yi maka dariya ne ke son ya ga ka hau jirgi ba.

Ka ce gwiwa na damun Mama. Ta hagun ce har yanzu?

Taka,
Tasi Yayra

Cape Coast, 28 ga Afrilu

Tasi,

Ina gaisuwa. Ina fata bayan ya yi sauƙi. Baba ya ce in gaya miki gishirin da ya rage masa a duniya ba shi da yawa, ki bar shi ya ci rabonsa. Gwiwar Mama kuwa ta hagun ce, yanzu ta dama ma ta fara taya ta.

Tasi, an ba ni! Shekara biyu suka buga min, ko da yake wata uku zan yi. Na dubi matar cikin ido kamar yadda kika ce, har sai da ta tambaye ni ko lafiya. Na yanki tikiti, zan tashi ranar Juma'a 14 ga Yuni, in dawo 21 ga Satumba.

Na je Kantamanto. Kwat ɗin da na samu baƙi ne, ya kai min har gwiwa, ina jin wani ƙaton soja ne ya mutu ya bar shi. Da na gwada shi a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, mai kayan yana ta cewa, "Kai ɗan'uwa, kamar a jikinka aka ɗinka!" ni kuwa gumi har cikin takalmi. Aljihu ɗaya ya yage, maɓalli ɗaya yana lilo, amma ya yi. Na kai shi Anloga na cusa a buhun shinkafa na tura ƙarƙashin gadona, don a makaranta ido ya yi yawa. Akple ma na fara koya. Na farko da na tuƙa, Mama ta ce a ajiye shi a toshe ramin ɓera.

Maganar kama baki kuwa, kada ki damu, na riƙe ta da hannu biyu. Daga ni sai Baba sai ke. Ko Mama ban gaya wa ba. Na ce mata na sami aikin hutu a Tema wurin Baba, in na sauka lafiya sai in rubuto a karanta mata. Da farko abin ya ɗan tsaya min a rai, amma Baba ya ce ai Mama ba ta iya riƙe magana, in ta ji da safe, kafin azahar duk kasuwar Anloga ta ji. Ya ce ke ma haka kika yi, shi ya raka ki, ga shi kuma tafiyarki ta yi albarka.

Wannan ya tuna min wani abin dariya. Kin san har yau in wani ya tambayi Mama ina Yayra, sai ta ce, "Ta kai albasa Accra." Tun muna yara muke jin haka, har ya zama abin tsokana a gidan. In mutum ya daɗe a bayan-gida sai a ce ya kai albasa Accra. Tsufa ke nan.

Ki rubuto min yadda zan gane ki a filin jirgi, hoton da ke wurin Baba na tun kafin a haife ni ne.

Ɗanki,
Elikem

Leicester, 11 ga Mayu

Elikem,

Lafiyata ƙalau, ina fata kai ma haka. Na yi murna da biza. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da haƙurin ta. Wannan takardar ma ba zan sa ta a gidan waya ba, Mista Dogbe na cocinmu zai taho gida jana'iza gobe, shi zai jefa ta a Accra don ta yi saurin isa.

Da na ce kowa, ban ce Mama ba! Laifina ne, ni na rubuta kalmar ban tsaya na auna ta ba. Masu kifi da masu ƙulli nake nufi. Matar da ta wanke maka kashi ba ta cikin kowa.

Ubanka ya ce tafiyata ta yi albarka. Bari in gaya maka abin da bai gaya maka ba. Shekarar yunwa ce, 1983. Wata ƙawata ta samo min gurbin koyon jinya a nan. A lokacin ba a daɗe ba da wani saurayi a unguwarmu ya yi shelar tafiyarsa, aka yanka akuya aka yi kiɗa, sai aka juyo da shi daga filin jirgi, bai ƙara zama daidai ba. Kowa ya ce baki ne. Ni da Agbeko muka tsorata, muka ce ba za a gaya wa kowa ba. Gaskiyar kuma da ban taɓa faɗa ba ita ce, tsoro nake Mama ta yi kuka in kasa tafiya.

Na ce mata zan kai albasa Accra wurin mai sayenmu, in kwana biyu in dawo. Ita ta ɗaure min kwandon da hannunta. Muka nemi gammo aka rasa, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗankwalinta na zuwa coci, shuɗi mai zanen tsuntsaye, ta naɗe shi ta ɗora min a ka, ta taya ni ɗaukar kayan. Ta ce, "Ki dawo min da shi kafin Lahadi, kada ki sa in je gaban Allah da kai a buɗe." Na ce to. Ban waiwaya ba.

Ka san al'adarmu. Ko baƙon da ya zo shan ruwa ba ya tashi sai ya ce yana neman hanya, mai gida ya ce hanya tana nan. Ni da ta raine ni tun ina shekara shida, na fita daga gidanta zuwa wata duniya ban nemi hanya ba. Na rubuta mata wasiƙa ta fi ashirin, ba amsa. Na aika atamfa, Agbeko ya ce ko buɗe ta ba ta yi ba. Shekarun farko takarduna ba su daidaita ba, ba halin zuwa. Da suka daidaita kuma sai kunya ta hana ni, kowace shekara tana ƙara nauyi.

Don haka maganar albasar nan da kuke dariya ba tsufa ba ne. Hankalinta ya fi na ubanka. Tunda ban nemi hanya ba, a wurinta ban tafi ba, ina Accra, kuma ba ta da abin da za ta ce da wadda ke Ingila. Na karanta wannan layin naka na zauna a kan matakala na yi kukan da ban yi ba tun zuwana ƙasar nan.

Shekararta tamanin da wani abu, Elikem. Wata uku ba kaɗan ba ne ga mai wannan shekaru. Ka je Anloga ka durƙusa ka gaya mata gaskiya, ka nemi hanya. In ta gaya wa duk kasuwa, ta gaya. In aka tara maka kifi, ni zan zo in ba Turawan haƙuri. In ba ka yi haka ba, kada ka kwankwasa min ƙofa.

Ɗankwalin yana nan a akwatina.

Tasi Yayra

Cape Coast, 27 ga Mayu

Tasi Yayra,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya. Mun gama jarrabawa ranar Juma'a.

Wata guda ke nan da na rubuto miki maganar biza, ban ji komai ba. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu, har mai gadi ya fara tambayata ko budurwa ce ta yaudare ni. Na sake karanta abin da na rubuta a zuciyata, ban ga inda na yi rashin kunya ba, sai dai ko maganar albasar ce ta ɓata miki rai. In ita ce, ki yafe min, wasa nake.

Abokaina sun ce haka 'yan'uwa na can suke, ana daɗi a takarda, da an ji biza ta fito sai a ɗauke ƙafa. Ban yarda ba, amma shiru ma magana ce. Kada ki takura kanki. Wani ɗan ajinmu yana da ɗaki a Peckham, cikin London, su shida ne, ya ce in na iya kwana a zaune akwai wuri. Na gode da wasiƙar gayyata da shawarwari, duk ina bin su.

Zan je Anloga in ɗauki kwat ɗina in yi wa Mama kwana biyu, daga nan in wuce Tema.

Elikem Agbeko

Tema, 14 ga Yuni, da safe

Tasina,

Wannan takardar ba ta buƙatar kan sarki, a aljihuna za ta hau jirgi. Zan miƙa miki ita a filin jirgi, amma don Allah kada ki buɗe sai ba na wurin. Akwai maganar da bakina ba zai iya ba. Kowa lafiya. Ki yafe min takardar da ta gabata, na ji kunyar ta.

Saƙon da kika bari ta wayar ofishinsu Baba ya iso, cewa ba fushi kike ba, a nemi Mista Dogbe. Shekaranjiya Laraba sai ga shi da kansa, yana gumi, da abarba biyu na ban-haƙuri. Wai a aljihun rigar jana'iza ya manta da wasiƙarki, sai da aka sake yin wata rasuwar ya sa hannu ya ji ta. Da ba a yi mutuwa a Kpando ba, da ban ga wasiƙarki ba.

A lokacin na riga na baro Anloga da kwana huɗu, na riga na yi ƙaryar. Na ce wa Mama sai na zo ƙarshen wata, ta ce Allah ya kai mu, ko kallona ba ta yi ba. Na karanta wasiƙarki na miƙa wa Baba. Ya karanta, ya ce, "Motar farko tana tashi ƙarfe biyar."

Na isa kafin azahar jiya. Tana zaune gindin kwakwa tana ɗaure albasa dami-dami. Da ta gan ni ba ta yi mamaki ba. Ta sa aka kawo min ruwa a ƙoƙo kamar baƙon da ya shekara bai zo ba, ta jira na sha, sannan ta ce, "To maigida, me ke tafe da kai? Tema ta ƙone ne?"

Na durƙusa na ce, "Mama, ƙarya na yi miki. Ba Tema zan zauna ba. Ingila za ni gobe, wurin aiki, wata uku."

Ta ci gaba da ɗaurinta. Ta ce, "Ingila. Ni dai na ce, yaushe aka fara ƙanƙara a Tema da mutum zai sayi bargo mai hannu."

Na ce, "Kin gani?"

"A gidana? Ƙarƙashin gadon da nake sharewa? Kai da ubanka kun ɗauka idona ma gwiwa ce. Ka duba maɓallin rigar taka?"

Ban duba ba, Tasi. Sai da na dawo Tema na ciro ta. Ta ɗinke aljihun, ta kafa maɓallin da zaren gyaran taru, wanda ko ni na mutu shi yana nan. Tun watan Afrilu ta sani. Ta shanya shi a rana, ta ninke, ta mayar cikin buhun kamar ba a taɓa ba, ta zauna tana jira.

Ta ce, "Na ce bari in gani, ko shi ma albasa zai kai." Maƙwabciyarmu Daa Abla ta gaya min daga baya cewa tun ranar da na tafi ba ta ci abin kirki ba, ruwan koko kawai take sha.

Na ce, "Mama, ina neman hanya."

Ta ce, "Ba a tsugune ake nema ba kamar ɓarawon kaza. Tashi tsaye. Abla! Zo ki ji, mijina zai yi tafiya!" Kafin minti goma tsakar gidan ta cika, Baba bai yi ƙarya ba a nan. Na sake faɗa a gaban kowa. Ta dafa ni ta miƙe, muka taka har bakin ƙofa, ta zuba ruwa a ƙasa ta kira sunan kakana da na mahaifinki da na mahaifiyata, ta ce su bi ni. Wata ta ce, "Mama, ke da kike dattijuwar coci?" Ta ce, "Fasto yana Keta, ba zai ji ba sai in ke kika kai masa." Sannan ta ce min, "Hanya tana nan. Ka je ka dawo."

Mutum tara suka kawo saƙon London kafin in bar gidan. Mama ta zauna a bakin ƙofa da sandarta ta kore su duka, ta ce jikanta ba jaki ba ne. Amma na karya dokarki sau ɗaya, don akwai saƙo guda da na karɓa. Ba shi da nauyi, kuma ba mai ƙwace shi a filin jirgi.

Da na ɗauki jaka ta riƙe hannuna ta ce, "Wa zai tarbe ka a can?" Na ce Tasi Yayra. Na ɗauka za ta ce ai tana Accra. Sai ta ce, "Ita ta turo ka?" Na ce ita ce, ta ce ma in ban zo ba kada in taka gidanta. Ta gyaɗa kai.

Ga abin da ta ce, na rubuta shi a mota don kada in canja ko kalma ɗaya:

"Ka ce mata kasuwa ta daɗe da tashi. In albasar ba ta sayu ba, ta dawo da ita gida, ba wanda zai yi mata faɗa. Kuma ina son ɗankwalina."

Ɗanki,
Elikem

Leicester, 21 ga Yuli

Ɗana,

Ina fata kana lafiya, kuma hannun ya daina ɗurar ruwa. Ka shafa man kaɗanyar da na sa maka a jaka, ba don ado na ba ka ba. Ni lafiya lau. Na ji an ɗora ka a kan masu tantancewa saboda kana gane ruɓaɓɓiyar albasa da hanci tun daga nesa. Kada ka gaya musu a jami'a ka koya, ka faɗi gaskiya, a gonar Mama ne.

Kwana huɗu ka yi a gidana kana satar kallona, kana jira in yi maganar wasiƙarka, ni kuwa ina ta cika ka da abinci. Ka yi haƙuri. A bayan-gidan filin jirgi na karanta ta, lokacin da na ce maka zan gyara fuska. Shi ya sa na daɗe, ba layi ba ne.

Na je wurin shugabarmu na nemi hutun mako shida. Ta ce a shekara goma sha ɗaya ban taɓa neman fiye da mako ɗaya ba, lafiya? Na ce an aike ni ne ban kai amsa ba. Na yanki tikiti, jirginku, 21 ga Satumba. Kujerar kusa da taga tawa ce, kada ma ka fara.

Yanzu kai ne babba, ni ce baƙuwa, sai ka ba ni shawara. Kuɗin mota sidi nawa ake biya daga Accra zuwa Anloga, don kada yaran mota su ji harshena su yanke ni? Wace irin sanda ce za ta dace da gwiwar nan, mai ƙafa uku ko mai ɗaya? In na shiga gidan, in fara durƙusawa ne ko in jira a ba ni ruwa? Na manta, Elikem. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Na wanke ɗankwalin na goge. Tsuntsayen sun ɗan koɗe, amma bai yage ba. Na so in ba ka ka kai mata, sai na tuna ba cewa ta yi in aiko ba.

Abu na ƙarshe. Ka rubuta wa ubanka yau, ba gobe ba, kuma ta gidan waya, kada ka ba kowane Dogbe. Ka ce ya hau mota ya je Anloga da ƙafarsa, tunda da shi aka yi ƙaryar. Ya tsaya a tsakar gida ya gaya wa Mama ranar da lokacin, da ƙarfi, yadda Daa Abla za ta ji ta katanga. Ya ce mata Yayra tana tafe ranar Asabar, kafin Lahadi.

Taka,
Tasi Yayra